Ɗan rediyon Baibul mai memori: abin da na gani bayan shekara ɗaya da rabi a shagon ɗinkina

Mata da yawa a Zumuntar Mata sun tambaye ni labarin ɗan jan rediyon nan da ke kan teburin yanka a shagona. Wasu kuma masu kawo ɗinki ne, sun zo awo suka ji yana karatu, suka tsaya. A ina na saya, nawa ne, yana da ƙarko? Na gaji da ba da amsa gutsi-gutsi da fil a baki, shi ya sa na zauna in rubuta gaba ɗaya. Sai dai ba zan iya faɗin amfanin abin nan ba in ban faɗi halin da nake ciki ranar da na saye shi ba. Ku yi mini haƙuri.

Ni tela ce a Tudun Wada, nan Jos. Har yau Maman Godiya ake kirana, ko da yake Godiya ta rasu a watan Janairun 2023 tana da shekara 14. Sikila gare ta. Ni AS, babanta AS, kuma lokacin da muka yi aure ba wanda ya ce mu je gwajin jini. Yanzu coci-coci da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwaji, ina kuwa bayan wannan da zuciya ɗaya. Daga baya likita ya bayyana mana cewa kowane ciki na ɗauka, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da SS, wato jinin mai sikila. Cikin 'ya'yana uku, biyu suka zo da shi, ta fari da autan.

Wanda bai yi renon mai sikila a Jos ba bai san hunturu ba. Garin nan a kan tudu yake, sanyin Disamba da Janairu har ƙashi yake shiga, sanyi kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke ta da ciwon. Jama'a na shirin Kirsimeti, shago cike da ɗinki, ni kuwa hankalina na kan bargo da safa da ruwan zafi a filas.

Shekara 14 na yi ina roƙo. Na yi azumin kwana uku, na yi na bakwai, na yi na kwana 21 a farkon shekara ba sau ɗaya ba. Na kwana a addu'ar dare, na shafa mata man zaitun, na hau dutse da asuba tare da mata. A wani taron farkawa, wani mai wa'azi baƙo ya ɗora mata hannu ya ce jininta ya koma AA, mu je a gwada mu dawo da shaida. Muka je aka gwada. SS. A cikin keke muna komawa gida ta jingina da ni ta ce, "Mama, ko ni ce ban ba da gaskiya sosai ba?" Shekararta 11 a lokacin. Har in mutu ba zan manta muryarta ba.

A ciwon ƙarshe abin ya hau mata ƙirji. Kwana biyar muka yi a asibiti, aka ƙara mata jini leda biyu, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Matan zumunta suka raba sa'o'i a tsakaninsu don kada addu'a ta yanke dare da rana. Asubar Talata ta cika a jikina.

Masu ta'aziyya sun zo da kirki, ba zan ci amanarsu ba. Amma a cikinsu akwai wadda ta ce da mun kai ta wurin wane da ba haka ba, akwai kuma wanda ya ja babanta gefe ya ce mu bincika gidanmu, ko akwai abin da ba mu tuba a kai ba. Daga nan bakina ya rufe. Ina zuwa sujada domin baban yara dattijo ne a coci, kuma domin yara su gan ni a can, amma in aka ta da waƙa sai in tsaya kawai. Littafi Mai Tsarkina na sa shi a ƙasan akwati. Tunani biyu ke juyawa a kaina: ko dai babu mai ji, ko kuwa yana ji ya ƙyale. Na biyun ya fi ci mini rai.

A watan Agusta na shiga Terminus sayen zare da zif da maɓallai. Tun da babbar kasuwa ta ƙone a 2002, 'yan kasuwa a layukan da ke kewaye suke, kuma a ɗaya daga cikin layukan da ke fita daga Ahmadu Bello Way akwai masu sayar da rediyo da tocila da caja. Abin da nake nema kawai wani abu mai motsi a shago, domin Godiya ce take zama da ni bayan makaranta tana ɗinka maɓalli tana surutu, shirun da ta bari kuwa ya fi ƙarfina. Yaron shagon ya ce, "Mama, ga wani mai Baibul a ciki, da Hausa, daga Farawa har ƙarshe." Na ce ba shi nake so ba. Ya ce bambancin kuɗin kaɗan ne, in ban so karatun ba sai in zare katin in ji FM. Na biya naira 8,500. Na tabbata yanzu ya wuce haka.

To, ga shi yadda yake. Girmansa bai wuce sabulun wanki ba, yana shiga tafin hannu. Irin 'yan ƙananan rediyon nan ne na China da ba su da wani suna tsayayye, yau ka ga wannan rubutu a jiki, gobe wani. Yana da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9, da ɗan gilashi mai nuna jajayen lambobi, da eriya, da wurin sa katin memori da na filash, da 'yar tocila a gefe. Batirinsa irin na tsofaffin wayoyin Nokia ne, wannan kuwa ya yi mini, domin duk mai gyaran waya yana da shi. Da yana sabo, caji ɗaya yana kai ni awa biyar zuwa shida in ban ƙure murya ba. Bayan wata takwas ya koma awa biyu, na sayi wani batir, ya dawo daidai. Igiyar cajin da ta zo da shi ba ta yi wata ɗaya ba ta lalace, kada ku dogara da ita. Sau biyu ya faɗo daga tebur a kan siminti, marfin baya ya tsage na naɗe da salatif, amma bai daina aiki ba. FM ɗinsa yana kama Peace FM da Highland FM tas in an ja eriya.

Murya fa? In ina taka keken ƙafa ina jin kowace kalma. In maƙwabcina mai walda ya ta da janareto, sai dai in kashe in jira. In an ƙure shi muryar tana tsatsa. Mai karatun namiji ne, a natse yake karantawa, ba kiɗa, ba ihu, ba ya ƙara wa aya gishiri. Na ji wani katin a wurin wata 'yar'uwa mai muryoyi da yawa da kiɗa kamar wasan kwaikwayo. Yara sun fi son wannan, amma ga mai ciwon zuciya na ga karatun tsura ya fi sauƙin haɗiya. Fassarar da ke cikin nawa ita ce wadda ta fito wajen 1980, mai cewa Matiyu da Yahaya da Wahayin Yahaya. Surukata da ta tashi da tsohuwar fassarar 1932, mai Matta da Yohanna, ta ɗan yi ƙorafi da farko, daga baya ta saba. Ku tambaya kafin ku biya.

Babban aibinsa shi ne ba ya nuna sunan littafi. Lamba kawai, daga 1 zuwa 1189, yawan surorin da ke cikin littattafai 66. Ba takardar bayani a kwalin. In kana son Zabura 23, sai ka san cewa ita ce 501. Aya kuwa ba hanyar zuwa gare ta sam, sai ka saurari surar daga kanta. Ran farko na ji haushi har na yi niyyar mayarwa. Amma da yake ba ni da wata aya da nake nema, sai na danna 1 na bar shi yana ta yi, ni ina ta ɗinki. Ko an kashe shi yana tuna inda ya tsaya.

Makonnin farko hayaniya ce kawai a kunnena. Ranar da ya kai 279 ne allura ta tsaya. Sama'ila ta Biyu sura 12: ɗan Dawuda ba lafiya, Dawuda ya ƙi abinci, ya kwana a ƙasa yana roƙo, a rana ta bakwai yaron ya mutu. Na san labarin tun ina makarantar Lahadi, amma a matsayin labarin zunubin Dawuda da Batsheba na san shi. Ranar kuwa uba na ji, kwance a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, surar ta yi mini rauni kafin ta yi mini wani abu, domin annabi Natan ya haɗa mutuwar yaron da laifin uban, sai maganar mutumin nan na wurin ta'aziyya ta dawo mini sabuwa. Na kashe rediyon kwana biyu. Abin da ya sa na sake kunnawa shi ne kalmar Dawuda ta ƙarshe da ta maƙale mini, cewa shi zai tafi wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba. Ba wanda ya faɗa mini gaskiya tsirara haka tun da aka yi rasuwar.

Ayuba ya ɗauke ni kwana huɗu. A coci sura ta 1 da ta 42 muka fi ji: Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, sai kuma a tsallake zuwa inda aka ninka masa dukiya. Rediyon nan bai iya tsallake ba. Ya karanta mini inda Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, da inda ya ce ya nemi Allah gaba da baya, dama da hagu, bai same shi ba. Ya karanta dogayen jawaban abokansa uku, waɗanda suka yi kwana bakwai zaune da shi shiru, suka buɗe baki suka ɓata komai da neman laifinsa. A ƙarshe su Allah ya yi fushi da su, ya ce bawansa Ayuba ne ya faɗi daidai a kansa. Mai ƙorafin! Na maimaita 478 sau uku don in tabbata kunnena bai ruɗe ni ba. Amma zancen sababbin 'ya'ya goma da aka ba shi bai sanyaya mini rai ba, har yau ma. Duk uwa ta san ɗa ba ya maye gurbin ɗa.

Zabura 88 kuwa, lamba 566, ban taɓa jin an karanta ta a kan bagade ba a duk rayuwata. Aya 18 ce, mutum yana kuka dare da rana, yana tambaya don me aka ɓoye masa fuska, ta kuma ƙare a cikin duhu, ba "amma" ba "duk da haka". Na jira in ji juyin da Zabura ta saba yi zuwa yabo, sai kawai na ji mai karatu ya ce Zabura 89.

Inda na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza shi ne 799 da 800, Makoki sura 2 da 3. Kowane Kirista a Jos ya haddace ayoyi 22 da 23 na sura 3, cewa jinƙansa ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Muna faɗinsu a addu'ar safe, suna jikin kalanda, har a bayan keke na gan su. Ban san cewa a surar nan ɗaya, aya ta 8, mutumin ya ce ko ya yi kuka ya nemi taimako Allah yana toshe addu'arsa ba. Ban san cewa a aya ta 44 ya ce wa Allah ya lulluɓe kansa da gajimare don kada addu'a ta ratsa ba. A sura ta 2 kuma ga yara suna suma a titunan birni, ransu yana fita a ƙirjin uwayensu. Shekara da shekaru ana yanko mini tsakiyar surar ana ba ni, ba a nuna mini abin da ke kewaye da ita ba. Mu teloli mun san in ka yanko fure ɗaya daga atamfa ba za ka gane zanen ba. Abin da nake ɓoyewa wata bakwai ina jin tsoron saɓo ne, ashe yana rubuce a cikin littafin da na binne a akwati, kuma ba a goge shi ba.

Na je wurin Baba Fasto, tsohon fastonmu da ya yi ritaya, na zazzage masa duka, har da cewa ban tabbata akwai mai ji ba. Na ɗauka zai tsawata mini. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "'Yata, da wa kike faɗa tun ɗazu?" Na ce da Allah. Ya ce, "To, ci gaba. Kada dai ki daina yi masa magana." Ya ba ni labarin yadda aka rubuta Makoki bayan Babila ta rushe Urushalima da Haikali, wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, mutanen da suka ɗauka Allah ba zai taɓa bari a taɓa gidansa ba. Bai ce mini ga dalilin mutuwar Godiya ba, na kuma gode masa da bai gwada ba. Da na yi masa kukan lambobi, sai ya ɗauko Baibul ɗinsa da biro, ya bi littafi-littafi yana ƙirga surori, ya rubuta mini inda kowanne ya fara. Takardar tana manne a bangon shagona. Ayuba 437, Zabura 479, Ishaya 680, Matiyu 930, Markus 958, Yahaya 998. Aikin da ya kamata masu loda katin su yi ke nan, takarda ɗaya tak.

A Sabon Alkawari wuri ɗaya zan ambata, 1030, Ayyukan Manzanni sura 12. Na sha jin wa'azi a kanta: Bitrus a kurkuku, ikilisiya tana addu'a, mala'ika ya zo, sarƙoƙi suka zube, Roda ta ji muryarsa a ƙofa ta manta ta buɗe don murna. Amma a aya ta 2, kafin duk wannan, Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Layi ɗaya aka ba shi. Manzo ne kamar Bitrus, cikin ukun nan da suka fi kusa da Yesu. Ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya, ɗaya ya fito, ɗaya bai fito ba, Luka kuma bai ba da dalili ba. Ranar nan na yi ta tunanin mahaifiyar Yakubu, matar Zabadi. Mu iyayen Yakubu muna da yawa a cikin coci, sai dai ba mu ake kira gaba ranar ba da shaida ba.

Kada wani ya ɗauka rediyo ya warkar da ni. Tambayata tana nan inda take. Akwai safiyar da nake tashi da bangaskiya, akwai wadda nake tashi babu. Abin da ya sauya shi ne na koma yin addu'a, irin wadda ba zan iya yi da ƙarfi a gaban mata ba, kuma na fito da littafin daga akwati.

Ga mai son saya: kafin ka bar shagon ka danna 1, ka danna 479, ka danna 930, ka danna 1189, ka ji ko duka suna nan, domin wasu katunan Sabon Alkawari ne kawai a ciki. A nawa akwai sura ɗaya a littafin Tarihi da take yankewa a tsakiya, wasu kuma muryarsu ta fi ƙasa. Ka sayi batir na biyu tun wuri. Ya dace da tsofaffin da ido ya yi rauni, da wanda bai yi karatu ba, da duk mai aikin hannu. In kuwa don mai makoki za ka saya, roƙona kada ka kai masa a makon farko, kada kuma ka miƙa masa kana cewa ga amsarka. Ka ajiye masa kawai. Iyayen masu sikila kuma, don Allah, ba rediyo ba man zaitun da zai hana ku ba da folik asid da ruwa da yawa, da rufe yaro daga sanyi da sauro, da garzayawa asibiti da zarar zazzaɓi ko ciwon ƙirji ya fara.

A Disamban da ya wuce ciwon ya tashi wa Auta a ƙafa, wajen ƙarfe biyu na dare, ba wuta. Tocilar rediyon ba ta da wani haske, amma da ita na nemo maganinsa, na zuba ruwan zafi a roba ina gasa masa da tawul. Yana cije leɓe ya ce, "Mama, kunna mai karatun." Na danna 966, Markus sura 9, inda uban yaron nan mai ciwo tun yana ƙarami ya ce wa Yesu ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Da mai karatun ya zo wurin na faɗa tare da shi a fili. Auta ya ce, "Addu'a kike yi mini?" Na ce i. Gari na wayewa babansa ya samo keke muka tafi asibiti. Kwana uku muka yi ana ƙara masa ruwa, aka sallame mu ranar Alhamis. Godiya ma an sha sallamarta haka, don haka ban tashi ba da shaida ran Lahadi ba, godiya dai na yi a zuciyata.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga Bukuru tana jinyar ɗanta, sati na biyu ke nan. Dare biyu tana saurare daga inda take, ba ta ce komai ba. Da muna naɗe kaya ta ce, "Maman yaro, a ina ake samun irin wannan?" Na kwatanta mata layin a Terminus, na juya bayan takardar magani na rubuta mata lambobin da na haddace. Na fara da 800.